Motar Ubangidan Haliru

Kowa in ya shiga filin sayar da motoci, mai kyau yake nema. Haliru na Babban Duhu shi mummuna ya je nema, kuma da gangan. Ya zaga filin Alhaji Rabe da ke bakin garin Batsari, ya wuce masu sheƙi, ko kallo ba su ishe shi ba. Sai can ƙurya, kusa da inda ake zubar da baƙin mai, ya ja ya tsaya gaban wata tsohuwar mota mai dogon baya. Fentinta ya koɗe, ba ka iya cewa fara ce ko ruwan toka. Ƙofar baya ta loɓa kamar sa ya taɓa tunkuyinta. Amma da Mani, abokinsa direba da ya rako shi, ya tayar da injin ya kasa kunne, sai ya ɗaga masa gira. Ciki lafiya lau.

Ba rowa ce ta kai Haliru ƙuryar ba. A ƙauyukan da ke bakin daji yanzu, arziki ba abin nunawa ba ne. Mutum ya sayi sabon babur, sai ya shafe shi da taɓo kafin ya shiga gari. Wanda ya yi ciniki mai kyau a kasuwa, da kukan kasuwa ta faɗi yake dawowa. Dalili kuwa kowa ya san shi: akwai masu kunne a cikin gari, kuna zaune tare a majalisa kuna ɓarar gyaɗa, su kwashe labarinka su kai wa mutanen daji. Haliru ya sayar da shanunsa na huɗa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kasuwa daban, tun kafin a zo a kora su kyauta. Ya haɗa da kuɗin gyaɗar bara. Sannan ya yi watanni yana shuka magana a majalisa, wai wani Alhaji a Katsina zai ba shi mota ya riƙa yi masa haya tsakanin Safana da Batsari yana kai masa balas. Har matarsa Hansai ta haddace amsar. In mata sun tambaya, sai ta ce motar ubangidansa ce. Direban wani ba shi da abin da za a zo nema gidansa. Abin da Haliru ke so ke nan duka: ya samu hanyar abinci, kuma ya ci gaba da kwana a ɗakinsa.

An yi ciniki irin na mutane. Haliru ya taya, Alhaji Rabe ya ce albarka. Aka ƙara, ya ce albarka. Mani ya sa baki, aka ja, aka sassauta, har Alhaji ya miƙo hannu ya ce, "Na sallama. Allah ya sa alheri." Haliru ya kwance bakin wani tsohon buhun taki da ya zo da shi a kafaɗa, ya biya nan take.

Daga nan aka miƙa shi hannun Zainulabideen, babban ɗan Alhaji, wanda ake kira manaja. Mutum ne mai taushin hannu da yawan murmushi, ƙamshin turarensa na riga shi shiga ɗaki. Ya ce a dawo ranar kasuwa mai zuwa, kafin nan an gama takardu.

"Amma kafin ka tafi, Malam Haliru, ɗan riƙe makullin nan a ɗauke ka hoto saboda fayil. A'a, can babu haske. Dawo nan jikin wannan."

Wannan ɗin wata baƙar jif ce mai ɗaukar ido. Haliru ya tsaya jikinta ƙiƙam, kamar yadda ya tsaya ranar hoton katin zaɓe. Aka ce ya ɗaga makulli, ya ɗaga. Aka ce ya yi murmushi, ya ɗan yaƙe haƙora. Shi a saninsa ofis ba ya aiki sai da hoto, don haka bai kawo komai a ransa ba.

Ranar kasuwa suka dawo shi da Mani tun da hantsi. Haliru ya nufi ƙuryar baƙin mai, bai ga motarsa ba. Ya juyo zai tambaya, sai ga Zainulabideen ya buɗe hannuwa yana nuna masa wata mota a tsakiyar fili. An fesa mata jan fenti mai walƙiya. Loɓawar ƙofa ta ɓace. Gilasanta huɗu baƙi ƙirin, ba ka ganin ko kujera. An ɗaura mata wani jan ƙyalle a goshi kamar ragon suna.

"Ya ka ganta, Alhaji?"

"Ni ban je Makka ba," in ji Haliru. "Ina motata?"

"Ai ita ce wannan. Mun ɗan yi mata kwalliya."

Haliru ya zagaya ta. Ya shafa inda loɓawar take a da, ya ji sumul. Saboda loɓawar nan ya zaɓi motar. Da ita ce zai shiga Babban Duhu a ce, kai, ubangidan nan naka bai da kirki, wannan akwalar ya ba ka? Shi kuma ya yi tsaki ya ce ya za a yi da talauci. Yanzu ko makaho ya shafa ta ya san an kashe mata kuɗi.

A ofis, Zainulabideen ya zaunar da su a kujera mai laushi, ya sa aka kawo ruwan leda mai sanyi, sannan ya turo wa Haliru takarda. Makullin kuwa yana nan cikin aljihun tebur, ya rufe. Mani ya karanta a hankali. Kuɗin fenti da gyaran jiki. Kuɗin baƙin gilashi. Ledar kujeru. Wata na'ura wai ita tiraka. Turaren mota. Can ƙasa kuma an rubuta talla. Jimillar ta kusa kuɗin ɗan maraƙi.

"Manaja," in ji Haliru, "ranar da munka yi ciniki kana nan?"

"Ina nan."

"Ka ji mahaihinka ya ce ya sallama?"

"Na ji. Mota ya sallama. Wannan kuma fakej ne, duk kwastoma ana yi masa."

"Mi ne ne fakej?"

"Ƙarin gata ne."

"To wa ya roƙi gatan?"

Zainulabideen ya yi irin dariyar da ake yi wa yaro in ya yi tambayar wauta. Dariyar nan ta fi takardar ƙona wa Haliru rai. Shi tun yana ƙarami yake bin ubansa kara, inda ake cinikin dabbobi. Ya ga dillalai iri-iri, da mai rantsuwar ƙarya, da mai ɗura wa sa ruwa don ya yi ƙiba. Amma bai taɓa ganin wanda ya sallama sa, ya karɓi kuɗi, sannan ya shafa wa ƙahon man gyaɗa ya ce a biya kuɗin man ba. Ko ɓarawon kara yana da kunyar wannan.

Suka shiga bin takardar ɗaya bayan ɗaya. Kan tiraka, manaja ya juyo da fuskar kwamfuta ya ce in an sace motar, daga nan ofis za su ga inda take.

"In kun gan ta tsakiyar daji, wa za ya tahi ya ɗauko? Kai?"

Manaja ya mayar da fuskar kwamfutar wajensa. Ya koma kan baƙin gilashi, ya ce ai sirri ne, manyan mutane duk shi suke sawa.

"Shi ya sa ban so. Ni haya za ni yi. Mota mai baƙin gilashi, kowane shinge sai an tsai da ni an sauke mani fasinja. Wanda ke cikin daji kuma ya hango ta, cewa za ya yi ɗan majalisa na ciki. Ku ɓare abinku."

"An riga an manna."

"Yadda anka manna haka za a ɓare."

Ledar kujeru Haliru ya ce su kwashe, buhunan gero zai ɗora. Turaren kuwa, da Mani ya je ya buɗe ƙofa ya shaƙa, ya dawo yana atishawa, ya ce ko akuya aka sa a ciki sai ta yi amai. Da aka zo kan fenti, Haliru ya ce su mayar masa da motarsa yadda ya saye ta, har da loɓawarta. Masu zaman kashe wando a bakin ofis suka kwashe da dariya. Ga baƙauye an gyara masa mota yana neman a ɓata. Babu wanda ya tambaye shi dalili, shi ma ba zai iya faɗa ba, don dalilin ne sirrin.

Aka kai azahar ana abu ɗaya. Zainulabideen murmushinsa bai gushe ba, makulli ma bai fito ba. Ya ce shi ba shi da ikon cire komai, kwamfuta ta riga ta shigar. Haliru ya dubi kwamfutar, ya dubi mai ita, ya rasa wanda zai fi tsana.

Bayan an sauko daga salla sai ga Alhaji Rabe, carbi a hannu, leɓe na motsi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya iyali, ya amfanin gona, ya kuma haƙuri da halin da ake ciki. Mani ya kwashe bayani ya faɗa. Alhaji ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya girgiza kai kamar yau ya fara ganin irinta, alhali tambarin da ke ƙasanta sunansa ne.

"Yaran zamani," ya ce. "Ni ban san abin da suke yi a ofis ba. Zainu, Malam Haliru namu ne. Tiraka a cire. Leda a cire. Gilashi a ɓare mashi tunda bai so. Turare kuwa na yafe, sadaka ne."

"Fentin fa, ranka ya daɗe?" in ji Mani.

"To, fenti ba ya kankaruwa. A raba biyu, ya biya rabi, rabi na yafe mashi saboda Allah."

Ya faɗi haka yana duban mutanen bakin ƙofa, su kuma suka amsa da Allah ya ƙara arziki, Allah ya saka wa Alhaji. Sai aka zuba wa Haliru ido ana jiran godiya. An ɗora masa bashin da bai ci ba, an tsare masa mota rabin yini, yanzu kuma an yafe masa, har da lada za a samu a kansa. Ya ji bakinsa ya yi ɗaci. Amma ya yi lissafin cewa jan fenti taɓo na iya rufe shi, kwana kaɗan a hanyar Safana ma ya ishe shi ya dusashe. Ya buɗe baki da ƙyar ya ce an gode.

Wani ma'aikaci ya ɗauko reza ya fara ɓare baƙar ledar daga gilashin baya. Haliru na kallo ta taga, yana jin kamar ƙaya ake cire masa. Saura abu ɗaya a takarda.

"Wanga talla kuma na mi ne ne? Ni mi nika saidawa da za a yi mani talla?"

A nan ne murmushin Zainulabideen ya koma na gaske, don an taɓo aikin da yake alfahari da shi. Ya ce wannan kam ba a isa a ce ba a yi ba, da hannunsa ya haɗa. Ya zaro waya, ya latsa, ya miƙo.

Kiɗa ya tashi. Ga Haliru tsaye jikin baƙar jif, makulli a sama, haƙora a waje. Wata murya mai kauri tana cewa, "Muna taya Alhaji Haliru Babban Duhu murna, babban manomi, wanda ya shigo filinmu ya zaɓi son ransa, ya biya lakadan, ko sisi bai rage ba. Kai ma me kake jira?" Sai hoton ya juya, aka nuno buhun takin a kan tebur, bakinsa a buɗe.

Haliru ya ajiye wayar a kan tebur. Mani ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Wa ya ga wanga abu?" in ji Haliru.

"Wa bai gani ba?" in ji manaja. "Tun jiya da daddare na sa shi. Duba yawan waɗanda suka tura. Har daga Safana ana ta yin sharhi, ga wani nan ya ce ya san ka, maƙwabcinka ne."

"Goge shi."

"In ka matsa sai in goge namu. Amma wanda ya shiga wayoyin mutane ai ya shiga. Malam Haliru, wasu fa roƙo suke a sa su."

"Kai ɗan ina ne?" Muryar Haliru ta yi ƙasa sosai. "Nan Batsari anka haihe ka. Ba ka san inda muke kwana ba? Ka hwaɗi sunana, ka hwaɗi garinmu, ka nuna buhu?"

Zainulabideen ya ɗaga kafaɗa. Shi gidansu na tsakiyar gari, da katanga da mai gadi. Alhaji Rabe ya ja carbi biyu, ya yi gyaran murya, ya ce tsaro na Allah ne, abin da bai ƙaddara ba ba ya samun bawa. Sannan ya ƙara da cewa, tunda abin bai yi wa Malam Haliru daɗi ba, kuɗin tallan ma an yafe.

Haliru ya miƙe. Ya fita waje ya kira Hansai a waya. Sai da ya yi ta gwadawa kafin ta shiga, muryarta na yankewa.

"Malam, tun ɗazu nika neman ka. Gida ya cika da mata, wai barka. Ɗan gidan maƙwabta ya zo da waya shina nuna ma kowa."

"Mi kinka ce masu?"

"Na ce motar ubangidanka ce. Sunka yi ta dariya, sunka ce to ubangidan ne mai buhun taki?" Sai ta rage murya. "Kuma wasu mutum biyu sun tsaya ƙohwar gida bisa babur. Ban san su ba. Sunka roƙi ruwa, Murja ta kai masu. Sunka tambaye ta wai nan ne gidan Alhaji mai jif, kuma yaushe za ya dawo."

Murja ita ce 'yarsu ta fari, ba ta daɗe da fara ɗaura zane ba. Haliru ya dafa bango.

"Mi ta ce?"

"Ta ce yau."

"Saurara, Hansai. Ki haɗa yara. Kar ki ɗauki komi sai abin da hannu ke ɗauka, kar ki yi sallama da kowa. In kin ji mota ta tsaya bayan gida, ku hito. Gidan yayanki za mu, Safana."

"Geron fa, Malam? Jibi anka sa ranar yanka."

Geron ya nuna, zangarniya ta sunkuya, bana gonar ta yi kyan da ta daɗe ba ta yi ba. Ya ga gonar a idonsa, ya ga rumbun da ya gama yaɓewa makon jiya, ya ga ɗakinsa da shimfiɗarsa.

"Bar shi," ya ce.

Ya juyo cikin fili. Ma'aikacin ya gama ɓare gilashi ɗaya, ya kama na biyu, baƙar ledar na zube a ƙasa a murɗe. Ta gilashin da aka ɓare ana hango kujerar baya tarwai, inda Hansai da yara za su zauna. Duk wanda ke tsaye a bakin hanya daga Babban Duhu zuwa Safana zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanda ke ciki, ya ga inda suka nufa.

"Tsaya," in ji Haliru. "Bar shi haka. Wanda ka ɓare ma mai da shi."

Ma'aikacin ya dubi manaja. Zainulabideen ya fito daga ofis yana gyara hannun riga.

"Wanda aka ɓare ba ya komawa, sai sabo. Kuma ka san an cire shi daga lissafi, yanzu sai a sake shigarwa. Da kuɗin sabuwar leda, da na aiki."

Mani ya yunƙura zai yi magana, Haliru ya riƙe masa hannu. La'asar na matsowa, kuma hanyar ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro abin da ya ware na mai da na cefanen gida, ya ajiye a kan murfin motar, bai miƙa a hannu ba.

"Ai na san za ka dawo hanya," in ji Zainulabideen yana tattarawa. "Duk kwastomominmu haka suke, da farko su ƙi, daga baya su gode."

Da aka gama mannawa aka kawo makulli. Haliru ya miƙa wa Mani, shi kuma ya buɗe ƙofar baya ya shige, ya lafe a kusurwa. Motar da ya sayar da shanunsa ya saya, ga shi a cikinta kamar kayan sata. Turaren sadakar Alhaji ya cika ciki. Mani ya fisge jan ƙyallen goshi ya yar, ya tayar da mota.

A bakin ƙofar fita sai ga manaja ya biyo su da sauri, waya a sama, yana ƙwanƙwasa gilashi da yatsa.

"Alhaji, ɗan sauke ka ɗaga hannu, na bankwana ne kawai. Wannan kyauta ne."

"Kar ka tsaya," in ji Haliru.

Suka hau titi. Miyau mai ɗaci ya taru masa a baki, irin wanda mutum ke tofarwa in ya wuce mushe. Ya kai hannu zai sauke gilashi, sai ya ga mutanen kasuwa jere a bakin hanya, kowa ya juyo yana kallon jar mota. Ya janye hannunsa, ya haɗiye.